Wace Ofam Za a Sa? Lacca Kan Da'irar Tarawa Mai Sauri



Malamaina da ke sahun gaba, 'yan'uwana injiniyoyi, masu gyaran rediyo da inbata da suka rufe shagunansu suka taho, da ƙannena ɗaliban jami'a da na kwalejojin fasaha, barkanmu da haɗuwa a nan Garki. Allah Ya saka wa waɗanda suka shirya zaman nan da alheri.

Kayan aikin da zan yi magana a kansu uku ne kacal: rizisto ɗaya, kafasito ɗaya, da ayisin nan mai ƙara ƙarfin sigina da muke kira ofam. In aka haɗa ukun nan yadda ya kamata, an sami da'irar tarawa, wato integireta. Ɗalibin shekara ta biyu zai zana ta a allo cikin minti ɗaya. Amma ranar da aka ce ta bi siginar da ke juyawa sau dubu ɗari ko sau miliyan a sakan guda, ranar ake gane cewa zanen allo bai faɗi wace ofam za a saya ba. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce, "Malam, wacce ce ta fi kyau?" Amsata kullum ɗaya ce, a kanta kuma laccar nan ta tsayu: daga lissafin aikin ake fara zaɓe, kanti ya biyo baya. 'Yan lambobi ne za ka fitar a takarda, su kore maka yawancin abin da ke kasuwa, su bar maka kaɗan.

Ga yadda da'irar take. Sigina na shiga ta rizisto zuwa ƙafar ofam mai alamar ragi. Kafasito yana tsakanin wannan ƙafa da ƙafar fita. Ƙafa mai alamar ƙari tana giraun. Ita ofam ba ta yarda ƙafafun shigarta biyu su bambanta, don haka ƙafar ragi tana zama a sifili, wutar da ta ratso rizisto kuma ba ta da wurin zuwa sai cikin kafasito. Ku ɗauki randa a ƙarƙashin famfo. Tsayin ruwan da ke ciki ba ƙarfin famfo na wannan lokacin yake nuna maka ba, jimillar abin da ya zuba tun da aka buɗe shi yake nunawa. Kafasito ne randar. Saurin hawa ko saukar fita kuwa shi ne boltejin shiga a raba da R sau C, da alama a juye. Ka ba ta bolteji tsayayye, ta ba ka layi miƙaƙƙe mai gangara. Ka ba ta siginar murabba'i, ta ba ka siginar alwatika.

Da'irar ta girmi ayisi nesa ba kusa ba. John Miller na Amurka ya bayyana a 1920 yadda kafasiton da ke tsakanin shiga da fitar amfilifaya ke bayyana kamar an ninka shi, Alan Blumlein na Ingila kuma ya mayar da wannan dabara da'irar tarawa a aikin rada na Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ya rasu a haɗarin jirgin gwaji a 1942. Sunan ofam ya bayyana a rubutun John Ragazzini na 1947, lokacin da ake haɗa irin waɗannan amfilifayoyi su yi lissafi: su tara, su rage, su warware lissafin motsi. George Philbrick ya fito da K2-W mai kwalaben lantarki biyu a farkon shekarun 1950, Bob Widlar ya cusa abin cikin ayisi a Fairchild da µA702 da µA709, sannan Dave Fullagar ya fito da 741 a 1968. Ita ce har yau littattafanmu ke zanawa.

Ba sai mun je nesa ba mu ga aikinta. Gidan Rediyon Tarayya yana Eriya 10, hedikwatar NTA tana Eriya 11. Dattawan da suka yi aiki a can zamanin talbijin mai kwalba sun san siginar haƙoran zarto da ke jan haske a fuskar allo layi 15,625 a kowane sakan, kuma tarawa ce ke haifar da ita. Mitar gwajin da ke aljihun kowane mai gyara a ɗakin nan, in mai ayisin ICL7106 ce ko 'yar'uwarta, da da'irar tarawa take auna bolteji, karatu kamar uku a sakan. Wannan mai tafiyar hawainiya ce, ba ta da wahalar sha'ani. Tamu ta yau mai gudu ce.

Mu ɗauki aiki na zahiri. Kana son siginar alwatika mai tsayin bolt 10 daga ƙasa zuwa sama, irin wadda ake gwama ta da siginar sain don a kunna taransistocin inbata ko amfilifayar sauti ta ajin D. Na san yawancin inbatocin yau ƙaramar kwamfuta ce ke yi musu wannan aiki, amma lissafin bai canza ba, kuma duk wanda ya fahimce shi a nan zai gane shi a ko'ina. A 20 kHz, zagaye ɗaya maikurosakan 50 ne, rabi hawa rabi sauka. Bolt 10 cikin 25 µs ya ba ka 0.4 V/µs. Takardar bayanan 741 ta ce iyakar saurin hawanta 0.5 V/µs ne. Tana bakin gaɓa ke nan, LM358 kuwa, wadda ta cika kowane shago, ba ta ma kai haka ba. Ka ɗaga zuwa 100 kHz: bolt 10 cikin 5 µs, wato 2 V/µs. An sallami 741 ke nan. TL072 mai 13 V/µs za ta ɗauka da sarari. Ka ɗaga zuwa 1 MHz, kana neman 20 V/µs, ita ma TL072 ta sauka a nan. Ni dai ba na sa ofam aikin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na saurin da aka rubuta mata, domin lambar da ke takarda matsakaiciya ce, a ɗaki mai sanyi aka auna ta, kuma tun kafin a kai iyakar siffar sigina take fara lalacewa.

Wannan lamba ta farko kowa yana tuna ta. Ta biyu ce ake mantawa, wadda takardun ke rubutawa GBW, wato firikwensin da ƙarfin ƙarin ofam ke sauka ya koma ɗaya. Mutum zai ce, ai siginata 100 kHz ce, 1 MHz ta ishe ni. Ba ta isa ba, saboda dalili biyu.

Na farko, ofam mai iyakar gudu tana jinkirta fita da lokacin da ya kai ɗaya a raba da 2π sau GBW. A mai 1 MHz wannan ya kai nanosakan 160. A TL072 mai 3 MHz, kamar 53 ne. Jinkirin nan shi ke daddaƙe tsinin alwatika ya mayar da shi kumburi. A 20 kHz ba za ka ma lura ba. A 1 MHz, inda hawan gaba ɗaya nanosakan 500 ne, 53 ya cinye kashi ɗaya cikin goma. Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa: gangarar kanta tana raguwa. Da'irar tarawa tana da nata firikwensi, ɗaya a raba da 2πRC, kuma kuskuren gangara ya yi kusan wannan firikwensi a raba da GBW. A misalinmu na 100 kHz, da siginar shiga ta bolt 5 sama da ƙasa, RC zai zama 2.5 µs, a ce rizisto 2.5 kΩ da kafasito 1 nF. Firikwensin da'irar ya kama kamar 64 kHz. Da ofam mai 1 MHz kuskuren ya haura kashi 6 cikin ɗari, da TL072 kamar kashi 2. In sautin majigi kake yi, kashi 2 ba komai ba ne. In awo kake yi da za a biya kuɗi a kansa, ya yi yawa, sai ka nemi mai 30 MHz ko sama.

A nan zan ja kunnen ƙannena game da shafin farko na takardar bayanai. Shafin nan 'yan talla ne suka tsara shi. OPA656 an rubuta mata 500 MHz da manyan baƙaƙe, gaskiya ne kuma, amma a ƙarin ninki ɗaya aka auna. Ka shiga jadawalin ciki za ka ga GBW ɗinta 230 MHz ne, ita ce lambar da za ka sa a lissafi. Ku saba da karanta jadawali da zane-zanen da ke tsakiyar takarda, can gaskiyar kaya take.

Yanzu ga inda kuɗi ke ƙonewa. Mutum ya gane yana buƙatar gudu, sai ya nemo wadda ta fi kowa yawan lamba. Iri biyu ne ke jiransa da tarko. Akwai ofam da kamfani ya rage wa birkin ciki da gangan don ta ƙara gudu, da sharaɗin kada a yi aiki da ita ƙasa da wani ninki: OP37, LF357 da OPA637 sai ninki 5 zuwa sama, OPA657 mai 1.6 GHz sai ninki 7. To a firikwensi mai yawa kafasito kamar waya yake, yana mayar da duk abin da ya fita zuwa ƙafar ragi. A idon ofam, da'irar tarawa ninki ɗaya ce. Ka sa irin waɗannan, sai ta kama rawa da kanta, ta zama janaretar sigina da ba ka nema ba. Iri na biyu su ne masu aiki da komowar kwararar wuta, kamar AD811 da aka rubuta wa 2,500 V/µs. Lambar tana ɗaukar ido. Amma zaman lafiyar irin wannan ofam ya dogara ne ga girman riziston da ke hanyar komowa, kai kuma kafasito ka sa a wurin. Akwai dabarun kewaye wannan, sai dai ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya jawo wa kansa su ba. Abin da za ka nema a takarda shi ne a ce ofam ɗin mai komowar bolteji ce, kuma tana zaune lafiya a ninki ɗaya.

Sai mu koma ga randa, domin tana da wata halayya: duk abin da ya ɗiga ciki tana riƙewa, ko da ba kai ka zuba ba. Kowace ofam tana da ɗan bambancin bolteji tsakanin ƙafafun shigarta, wanda muke kira ofset, ƙafafun kuma suna shan 'yar wuta. Da'irar tarawa ba ta san wannan kuskure ne ba, tara shi take yi kamar sigina, har fita ta je ta manne da layin wuta. Ofset yana tura fita da saurin ofset a raba da RC. Wutar ƙafa tana tura ta da saurin wutar a raba da C.

Ku lura da abin da lambobi suka ce, domin ya saba wa abin da aka saba ji. An saba cewa da'irar tarawa sai ofam mai ƙofar FET, saboda ba ta shan wuta. A misalinmu, TL072 tana shan kamar 65 pA, wanda a kan 1 nF zai ba da 0.065 V a sakan, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ofset ɗinta kamar 3 mV ne. Raba da 2.5 µs, ka sami bolt 1,200 a sakan. Cikin milisakan 10 fita ta kai bolt 12 ta manne. Ko 741 mai shan 80 nA, gudummawar wutar ƙafarta bolt 80 ne a sakan, ƙasa da ta ofset nesa. Ashe a da'ira mai gudu mai ƙaramin rizisto, ofset ne babban abokin gaba. Wutar ƙafa tana zama sarauniya ne inda rizisto ya yi girma ƙwarai, ko inda babu shi sam.

Maganin ya danganta da inda da'irar ke zaune. In tana cikin janaretar alwatika, inda kwamfareta ke juya ta duk sanda ta kai iyaka, ba za ta manne ba. Ofset zai ɗan sa hawa da sauka su bambanta ne kawai, kuma a nan jinkirin kwamfaretar ya fi cancantar damuwarka. In a buɗe take, sai ka ɗora babban rizisto a kan kafasito. Da 250 kΩ, ninkin da'irar a bolteji tsayayye ya tsaya a 100, ofset na 3 mV ya zama 0.3 V a fita ya tsaya nan. Farashin da ka biya shi ne ƙasa da kamar 640 Hz da'irar ta daina tarawa. Hanya ta uku ita ce makunnin lantarki da ke zubar da kafasito kafin kowane awo, sai dai shi ma makunnin yana watsa ɗan caji duk sanda ya buɗe, kuma a ƙaramin kafasito za ka gan shi. Hanya ta huɗu, wadda na fi so in aiki ya cancanta, ita ce a haɗa biyu: ofam mai gudu ta yi aikin gudu, wata mai natsuwa kamar OP07, wadda ofset ɗinta bai wuce 75 µV ba a samfurin E ko da yake saurinta 0.3 V/µs ne kawai, ta zauna a gefe tana duban matsakaicin fita tana gyara wa ta farko zama. Kowacce ta yi abin da ta iya.

Wannan ya kawo ni ga masu aikin wutar lantarki. Akwai naɗin waya mai lanƙwasuwa da ake zagaya wa kebul ko sandar tagulla don auna kwararar wuta ba tare da an yanke komai ba, wanda ke ɗauke da sunan Walter Rogowski na Jamus tun 1912. Abin da yake fitarwa saurin sauyawar wutar ne, saboda haka dole a bi shi da da'irar tarawa kafin a ga wutar kanta. In layin 50 Hz kake aunawa, irin wanda AEDC ke kawo mana, zagaye ɗaya milisakan 20 ne, ba ruwanka da gudu. Ofset da hayaniyar ƙananan firikwensi su ne damuwarka, OP07 ta fi maka mai gudu irin AD8065 amfani. In kuwa so kake ka ga yadda wuta ke tashi a ƙafar MOSFET na inbata cikin nanosakan ɗari, naɗin iri ɗaya ne, zanen da'ira iri ɗaya, amma ofam ɗin sai mai gomman MHz. Wanda ya tambaye ni wacce ta fi kyau bai gaya mini wanne cikin biyun yake yi ba.

Misalin da ya fi burge ni yana Zariya. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar riyaktar bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. Ana sa samfurin ƙasa ko dutse ko tsiro a cikinta, a fito da shi, a auna hasken gamma da yake fitarwa don a san sinadaran da ke ciki. Na'urar da ake irin wannan awo da ita dunƙulen jamaniyom ne da ake sanyaya shi da ruwan naitirojin. Duk ƙwayar gamma da ta faɗa ciki tana sakin caji, a kan kusan 3 eV ga kowane ilektiron. Ƙwayar kobalt-60 mai 1.33 MeV za ta saki ilektiron kamar 450,000, wato caji kamar 72 fC, cikin 'yan ɗaruruwan nanosakan. Me ke karɓar wannan? Da'irar tarawa, wadda ba ta da riziston shiga, da kafasito ɗan mitsitsi. A kan 1 pF, cajin nan ya zama 72 mV, tsayin wannan tsalle kuma shi ke faɗin wane sinadari ne ya yi magana.

A nan komai ya juye. Wutar ƙafa ta 80 nA a kan 1 pF za ta tura fita bolt 80,000 a sakan, aikin ya mutu tun ba a fara ba. Mai 2 pA, kamar OPA656 ko ADA4817, bolt 2 ne a sakan. Hayaniyar boltejin ofam ma tana ninkuwa da girman kafasitan na'urar a raba da na komowa, don haka bambanci tsakanin 18 nV na TL072 da 4 nV na ADA4817 a kowane tushen Hz ya zama bambanci tsakanin ganin alamar sinadari da rashin ganinta. Shi ya sa a na'urorin jamaniyom na gaske taransiston JFET guda ake sawa a gaba, a sanyaya shi tare da dunƙulen, sauran amfilifayar ta biyo baya. Wani abin sha'awa kuma, ofam ɗin nan da na hana ku ɗazu, OPA657, a irin wannan wuri tana iya zama lafiya: in fotodiyod ɗinka yana da 20 pF, na komowa 1 pF, ninkin da ofam ke gani a sama 21 ne, ya haura bakwai ɗin da take nema. Dokar ba ta canza ba, lissafin ne ya ba da wata amsa.

Abu biyu na wutar aiki, a gurguje. Ofam ce ke ciyar da kafasito, don haka a 1 MHz da 1 nF da 20 V/µs tana fitar da 20 mA kafin a zo maganar lodi, abin da ke tura siginar shiga ma sai ya iya ɗaukar riziston 250 Ω. Ka rage kafasito zuwa 100 pF wutar ta sauka, amma 'yan pF da ke tsakanin wayoyi sun fara shiga lissafi. Sannan yawancin masu gudun nan ba sa jure bolt 12 sama da ƙasa da muka saba ba 741. OPA656 ta bolt 5 sama da ƙasa ce, ka ba ta 12 ka kashe ta. AD8065 tana ɗaukar har bolt 24 jimilla, ga 180 V/µs, ga ƙofar FET, shi ya sa nake yawan nuna wa ɗalibai ita in aikinsu ya fi ƙarfin TL072.

Ofam mai kyau ba ta ceton kafasito maras kyau. Na yumbu mai alamar X7R yana iya sauya girma da kashi 15 cikin ɗari saboda zafi, yana kuma raguwa in bolteji ya hau kansa, sai gangararka ta lanƙwashe. Wasu kafasitocin kuma suna ɓoye caji a jikinsu su dawo da shi bayan an zubar. A nemi C0G, wanda ake kuma rubutawa NP0, ko na folifurofilin. Mai ruwa kuwa kada ma ya matso.

Ƙasarmu tana ƙara nata sharuɗɗan da takardun Amurka ba su yi la'akari da su ba. Lambobin jadawali a digiri 25 aka auna su. A Abuja zafin watan Maris yakan haura digiri 35 a inuwa, cikin akwatin inbata da ke ɗakin da ba iska kuwa 65 ba abin mamaki ba ne. Wutar ƙafar JFET tana ninkuwa biyu a kowane ƙarin digiri 10. Daga 25 zuwa 65 ninki 16 ke nan, 65 pA ta koma kusan 1 nA. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan bod, damina ta zo ta jiƙa ta da laima, ga ragowar man dalma da ba a wanke ba, sai wuta ta sami hanyar rarrafe zuwa ƙafar ragi, ta fi wadda ofam ke sha. A wanke bod da sifirit, a zagaye ƙafar ragi da zoben tagulla da ke giraun, a shafa varnish in na'urar fili za ta.

Allon gwaji mai ramuka ya dace da 741 da TL072. Ofam mai 200 MHz ba ta zama a kansa: tsakanin layukansa akwai 'yan pF, kowace doguwar waya kuma naɗi ce. A yi bod mai shimfiɗar giraun, kafasiton 100 nF a manne da kowace ƙafar wuta, hanyar komowa gajeriya iyakar iko, rizisto na 20 zuwa 50 Ω a fita in kebul za ta ja. In siginar shiga mai kaifin baki ce, za ka ga ɗan tsini ya bayyana a fita ta ɓangaren da bai kamata ba, domin kaifin ya ratsa kafasito kafin ofam ta farga. Raba riziston shiga biyu, ka sa ƙaramin kafasito daga tsakiyarsu zuwa giraun, tsinin zai kwanta.

Akwai abin da ke damuna a nan, zan kuma faɗa a gaban malamaina. Ɗakunan gwaji da yawa osiloskof mai 20 MHz suke da shi. Ofam da ke rawa a 150 MHz ba za ta bayyana a fuskarsa ba. Ɗalibi zai ga layi ya ɗan yi kauri, ayisi ta yi zafi, boltejin fita yana motsi in ya kai yatsa kusa, ya rasa dalili, ya yanke hukuncin cewa shi ne bai iya ba. Alamomin nan uku su ne shaidar rawa, a koya musu su. Osiloskof mai 100 MHz kuma yanzu bai fi ƙarfin sashen koyar da lantarki ba. Ba na ƙin a koyar da 741, da ita ake gane iyakoki, amma bai kamata yaro ya gama digiri bai taɓa riƙe wata ba.

Saura maganar jabu. Ko daga Alaba kayan suka zo, ko Sabon Garin Kano, ko ta intanet daga waje, ana samun LM358 da aka goge wa suna aka buga TL072 ko wata mai tsada, tunda ƙafafunsu a jere ɗaya suke. Mai shagon ma sau da yawa bai sani ba, haka aka kawo masa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, gwaji ne shaida. Auna wutar da ayisin ke ci a zaune: TL072 ta tsohon samfuri kamar 1.4 mA ce kowane ɓangare, wajen 2.8 mA duka, LM358 kuwa ba ta kai 1 mA ba. In kana da osiloskof, haɗa ta a ninki ɗaya, ba ta siginar murabba'i, ka duba gangarar: bolt 10 cikin ƙasa da 1 µs ta gaske ce, in ta ɗauki 20 ko 30 µs an cuce ka.

In babu osiloskof, da'irar tarawar kanta za ta yi maka awon. Sa kafasiton 1 nF mai kyau a hanyar komowa, cire riziston shiga gaba ɗaya, bod a wanke a bushe. Gama ƙafafun kafasito da ɗan guntun waya, saki, ka sa mita a fita kana duban agogon wayarka. TL072 ta gaske za ta yi ta rarrafe, bolt ɗaya ya ɗauke ta sakan goma sha wani abu, ko ma fiye. LM358 mai shan gomman nA za ta manne da layin wuta kafin ka ɗaga ido. Ninka saurin da ka gani da girman kafasito, ka sami wutar ƙafar wannan ayisi da ke hannunka. Ka mayar da rizisto, babba wannan karon, kamar 1 MΩ da kafasiton 1 µF, ka kai bakinsa giraun, ka sake aunawa: RC sakan ɗaya ne, don haka milibolt nawa fita ke tafiya a sakan, shi ne ofset ɗinta. Sannan ka ɗumama ta kaɗan da iskar na'urar busar da gashi ka maimaita duka biyun, ka rubuta lambobin kusa da na takardar kamfani.

Nan zan tsaya. Masu tambaya su zo da lambobin aikinsu, firikwensi da tsayin sigina da abin da ke ciyar da da'irar, mu yi lissafin tare a allo.